Ra'ayinmu: A Lissafa Hanyar Iska Kafin a Sayi Kilim

Duk shekara, da zarar watan Maris ya raba, kuka ɗaya ake yi a gidajen likita da makarantu da ofisoshi, daga Gazawa zuwa Agye, daga Cadawa zuwa Gidan Rumji: zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a jihar Maraɗi yana kai digiri 40 har ya wuce, kwano ya ɗauki wuta, ɗakin kwantar da marasa lafiya ya ƙi shiguwa tun kafin azahar. In kuɗi suka samu, daga gwamnati ko daga wata ƙungiyar agaji, amsar da aka saba bayarwa ita ce a sayo na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilim. Inda ginin ke da girma kuwa, sai ɗan kwangila ya kawo shawarar babbar na'ura guda wadda za ta raba sanyi ɗaki-ɗaki ta bututun kwano da aka ɓoye cikin silin. Tambayoyi biyu ne ba a cika yi ba a wurin sa hannu: iska nawa ce za ta isa ɗakin ƙarshe, kuma wuta nawa za a sha kafin ta isa?

Yanzu ne lokacin yin waɗannan tambayoyi, domin yanzu ake gini. Tun bayan gobarar ranar 8 ga Nuwamba 2021, wadda ta ci rayukan yara aƙalla 25 a azuzuwan zana na wata makaranta a birnin Maraɗi, aka ɗauki niyyar maye zana da bulo da kwano a duk faɗin ƙasa. Tun 2019 kuma ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke shigowa gundumar Gidan Rumji, abin da ya ƙara wa gidajen likitan yankin nauyi, ya sa ake faɗaɗa wasu, ana gina wasu. Ɗakin da aka gina bana, jikokinmu za su zauna a cikinsa. In an kuskure hanyar iska a ranar zane, an kuskure ta shekara talatin.

Maganar ba ta fi ƙarfin mai karatu ba. Duk mai noman rani a bakin gulbin Maraɗi ya san cewa inji ɗaya ne, amma ruwan da ke fita a ƙarshen tiyo ya danganta da tiyon: in ya yi tsawo, ko ya yi siriri, ko ya lanƙwashe a kan kunya, ruwa ya ragu, inji ya yi ta gurnani, mai ya ƙare. Haka iska take a cikin bututu. Fanka tana tura ta da wani matsi, jikin bututun yana gogar ta, kowace kwana tana cin rabonta, matatar ƙura ta ci nata, ragar bakin fita ma ta ci. Jimillar abin da aka ci shi injiniyoyi ke kira asarar matsi, suna auna shi da ma'aunin da ake kira paskal. Ƙa'idojinsa guda uku ne ya kamata duk mai sa hannu a kwangila ya riƙe. Ta farko, in gudun iska ya ninka biyu, asarar matsi tana ninka huɗu. Ta biyu, in aka rage faɗin bututu da rabi alhali ana son iskar ta zauna yadda take, asarar tana ninka kusan sau 32. Ta uku, in aka ƙara wa fanka juyi don ta cike giɓin, wutar da take sha tana hawa fiye da yadda ake zato: ƙarin juyi na kashi 26 cikin ɗari ya isa ya ninka cin wutarta biyu.

Bari mu sa lambobi. A ce ana son a kai iska mita kubik 1,000 a kowace awa zuwa ɗakin da ke nesa da na'ura da mita 30, hanyar kuma tana da kwana huɗu. In aka yi bututu mai faɗin santimita 30, iskar za ta yi tafiyar kusan mita 4 a daƙiƙa. Gogar jikin bututun za ta ci kamar paskal 20, kwanoni huɗu masu lanƙwasa a hankali su ci kamar 10, matata da raga su ci kamar 120. Jimilla wajen paskal 150. Fankar da ke mayar da rabin wutar da take sha ya zama aikin tura iska, wadda ita ce irin da aka fi samu a ƙananan na'urori, za ta buƙaci wat 80 da ɗoriya.

To, a ce ɗan kwangila ya ga silin ya yi ƙasa, ko kwano ya yi tsada, ya mayar da bututun santimita 20, mai walda kuma ya haɗa kwanonin a tsaye, kusurwa kan kusurwa, don sun fi sauƙin yanka. Iskar yanzu sai ta yi gudun kusan mita 9 a daƙiƙa. Jikin bututu ya ci wajen paskal 150, kwanoni huɗu su ci fiye da 200, matata da raga suna nan da 120 ɗinsu. Jimilla ta kusa 500. Fankar da za ta iya wannan aiki tana neman wat 270. A ɗakin da ba a kashe na'ura dare da rana, bambancin ya haura kilowat-awa 1,600 a shekara, kuma kowace shekara sai an biya shi. Abin da aka tsimi a ranar gini shi ne kashi ɗaya cikin uku na kwanon bututu. Araha ba ta ado. Abin da ya fi faruwa ma shi ne ba a canza fankar: ana barin ƙaramar a kan ƙunƙuntaccen bututu, sai ɗakin da ke kusa da na'ura ya yi sanyi har a nemi bargo, na ƙarshe kuwa a sa hannu a bakin raga a ji kamar numfashin jariri. Daga nan sai a ce kilim ɗin ya yi ƙarami, a rubuta takardar neman babba.

Wannan lissafin littafi ne, ƙasarmu kuma tana ƙara masa nata. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo ba ya barin komai, matatar da aka sa fara tas sai a ciro ta ja wur, ta yi nauyi, in an buga ta a ƙasa ƙura ta tashi. Kowane kwano na ƙurar nan ƙarin asarar matsi ne, kuma fanka ba ta faɗa, iska ce kawai ke raguwa a hankali. Na biyu zafin da ke tsakanin silin da rufin kwano, wanda da rana yakan wuce digiri 50. Bututun da ba a naɗe shi da abin tare zafi ba, sanyin da aka biya kuɗi aka yi a hanya yake narkewa. Na uku yoyo a mahaɗa. A Amurka, inda ake da ƙwararru da kayan aiki, hukumomin makamashi suna ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu a gida na gama-gari tana zurarewa ta ɓaraka da mugun haɗi. Wanda ya taɓa leƙa cikin silin ya ga bututun roba mai lanƙwasa an ratayo shi a kan katako, ya matse a tsakiya, an ɗaure bakinsa da waya, ya san mu ba za mu fi su ba in ba a sa ido.

Na huɗu, wanda ya fi duka, wuta. Layin da ya taso daga Katsina mai ƙarfin kilovolt 132 a Gazawa yake sauka, daga nan a raba zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agustan shekarar aka yanke ta saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Mutanen yankin nan ba sai an ba su labarin watannin ba. Ginin da aka rufe ruf, aka dogara da fanka ta shigo masa da numfashi, ranar da wuta ta ɗauke ya fi rumfar zana muni. Inda kuma ake aiki da hasken rana, kowane wat da fanka ta ɓata ƙarin faifai ne da ƙarin batir.

A kan wannan ne ra'ayi ya rabu biyu, tsakanin masu na'ura da masu taga, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Masu goyon bayan na'ura, yawancinsu likitoci da masu kula da magani, suna cewa akwai ɗakunan da taga ba ta iya musu komai. Iskar waje in ta kai digiri 43, da zafinta take shigowa, fankar silin kuma juya ta kawai take yi. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 25 ko 30. Na'urar GeneXpert da ake gwada tarin fuka da ita ba a so ta yi aiki a ɗakin da ya wuce digiri 30. Ɗakin tiyata yana bukatar iskar da aka tace, mai fita daga ɗakin zuwa waje, kada ƙura da ƙuda su shigo kan buɗaɗɗen ciki. Jaririn da bai cika wata ba, da yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, jikinsu ba ya jure zafin da babba ke jurewa. Suna kuma tuna mana cewa zafin ƙaruwa yake yi: a farkon Afrilu 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. A ganinsu, wanda ke cewa a buɗe taga a wadatu, bai kwana a ɗakin haihuwa a watan Mayu ba. Suna ƙarawa da cewa ba a ce wa mutanen Yamai su haƙura da taga, don me za a ce wa na Cadawa?

Masu goyon bayan ginin da ke shan iska da kansa, su ma ba da baki kawai suke magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 kan shigar iska a asibitoci ba tare da na'ura ba, inda ta ce ɗakin kwanciya na gama-gari yana bukatar lita 60 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane majiyyaci, ɗakin masu cutar da ke bin iska kuwa lita 160. Wato ɗaki mai gado 20 yana neman lita 1,200 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na abin da bututun misalinmu ke kawowa. Wani bincike da aka yi a asibitocin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa buɗe tagogi da ƙofofi yana sabunta iskar ɗaki wajen sau 28 a awa, alhali ma'aunin da ake nema daga na'ura a ɗakin keɓe masu cuta sau 12 ne. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi sun kai sau 40, na zamani suka tsaya a 17. Suna kuma jawo hankali kan abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙaramin kilim na bango ba ya kawo sabuwar iska ko kaɗan, ta cikin ɗakin yake sanyayawa ya maido. In aka rufe tagogin ɗakin jira aka kunna shi, aka tara masu tari da masu ƙyanda, an yi musu sanyi, an kuma haɗa su shaƙar numfashin juna.

Misalai ma suna da su a kusa. Mai zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa, ya bar sarari tsakaninsu don iskar zafi ta samu mafita, kuma irin wannan aiki ne ya kai shi ga lambar girmamawar masu zanen gini ta Pritzker a 2022. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse, ginin da aka tsara don ya sha iska da kansa. Maginan Hausa sun san kaurin bango da tsawon soro tun kafin a kawo siminti.

Sai dai kowane ɓangare yana da inda yake yin shiru. Masu na'ura ba su cika faɗin wanda zai wanke matata bayan ƙungiyar agaji ta naɗe kayanta ba, ko daga wane asusu za a biya kuɗin wuta, ko kwana nawa za a jira mai gyara ya zo daga Maraɗi, ko kayan gyara su zo daga Kano. Masu taga kuma sukan manta cewa bangon ƙasa yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, shi ya sa a bazara kowa ke fitar da tabarma tsakar gida, majiyyacin da ke da ƙarin ruwa a hannu kuwa ba ya fita. Sukan manta da hazon hunturu, lokacin sanƙarau da tari, da sauron damina, lokacin da zazzaɓi ke cika ɗakin yara. A waɗannan watanni dole a rufe ko a sa raga.

Abin da muka lura da shi, wanda ya sa muke ganin gardamar ta fi ƙarfin abin da ake gardama a kansa, shi ne cewa taga ma hanyar iska ce, kuma lissafi iri ɗaya ne ke mulkinta. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita, taga mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in akwai irinta a bangon da ke fuskantarta, iska kuma tana kaɗawa mita ɗaya a daƙiƙa, tana shigo da kusan lita 650 a daƙiƙa. In a bango ɗaya kawai take, lita 50 ce. Ninki 13 ke nan, da kuɗin taga guda. Ragar sauro tana rage adadin da rabi. Saboda haka ɗaki mai gado 20 da aka sa wa raga yana bukatar buɗaɗɗen wuri na kusan mita murabba'i huɗu a kowane ɗayan bangaye biyu masu fuskantar juna. Ajin da aka yi wa rufi ƙasa-ƙasa, aka ba shi tagogin ƙarfe ƙanana a gefe ɗaya, aka jingina ɗaya gefen da katanga, ya yi kuskure iri ɗaya da mai bututun santimita 20. Dukansu sun ƙuntata wa iska hanya, suka bar wa wani ya biya.

Ga matsayinmu. A azuzuwa, ɗakunan jira, ɗakunan kwanciya na gama-gari da yawancin ofisoshi na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, gini ne ya kamata ya fara yin aikin: dogon rufi, sarari tsakanin kwano da silin mai mafita a sama, tagogi masu fuskantar juna da aka lissafa girmansu tare da ragarsu, baranda a gabas da yamma, itatuwa a harabar. Yankin da manoman Dan Saga da maƙwabtansu suka maido da itatuwa cikin gonaki ta hanyar sassabe na zamani ba ya bukatar a koya masa darajar inuwa. Bayan haka fanka, da na'urar da ke sanyaya iska da ruwa, wadda ke aiki sosai a busasshen zafin Maris da Afrilu da wuta kaɗan. Kantin magani, ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin jarirai su samu ƙaramin kilim nasu, da tanadin hasken rana, ba tare da an toshe musu hanyar sabuwar iska ba. Babbar na'ura mai bututu a bar ta ga inda ba makawa, kamar ɗakin tiyata da ɗakin keɓe masu cutar da ke bin iska a asibitocin gunduma. A can ma da sharaɗi.

Sharaɗi na farko, kada a karɓi tayin kwangilar da ba ta zo da takardar lissafi ba: iska nawa kowane ɗaki zai samu, faɗin bututu a kowane sashe, asarar matsi daga na'ura zuwa raga mafi nisa, da wutar da fanka za ta sha. A yi lissafin da matata mai ƙura, don ita ce za a zauna da ita. Shafi biyu ne, kuma duk injiniyan da ya san aikinsa yana yin su a yini ɗaya. Na biyu, a zana hanyar bututu tare da zanen gini, a bar mata tsawo a silin, a gajarta ta, a rage kwana, wadda ta zama dole a lanƙwasa ta a hankali, a toshe mahaɗa, a naɗe bututun. Tun ran gini ran zane. Na uku, kada a biya kason ƙarshe na kuɗin kwangila sai an auna iskar da ke fita a kowace raga a gaban shugaban gidan likitan, an rubuta, an sa hannu. Na'urar auna gudun iska ta hannu ba ta kai kuɗin wayar salula mai kyau ba. Na huɗu, a sa matata inda ma'aikaci zai kai hannu ba tare da tsani ba, a rubuta sunan mai wanke ta da ranakun wankin, a ware kuɗin sabuwa a kasafin shekara.

Masu yin aikin ma muna da su, horo ne ya rage. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da makarantar fasaha ta Dan Kasawa suna yaye matasa a fannin gini da lantarki da injuna. Ba abin da zai hana ma'aikatar lafiya ta jiha ta haɗa kai da su, ɗalibai su zagaya gidajen likita da makarantun gundumomin nan uku da ma'auni a hannu, su rubuta iskar da kowane ɗaki ke samu, a san inda za a fasa bango a ƙara taga da inda za a sauya bututu. Masu walda da masu lanƙwasa kwano na Agye da Cadawa, waɗanda ke ƙera ƙofofi da akwatuna da murhu, in aka nuna musu yadda ake fitar da kwana mai lanƙwasa da yadda ake toshe mahaɗa, za su yi, kuɗin kuma ya zauna a gida.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya da ilimi da na gine-gine, da ma'aikatun magajin gari, da ƙungiyoyin da ke ba da tallafi, su sa waɗannan sharuɗɗa cikin takardun kwangila tun daga ginin da za a bayar a bana. Kwamitocin kula da gidajen likita da na iyayen yara kuma su san cewa suna da haƙƙin tambaya. Ranar da aka zo miƙa makullin sabon gini, a nemi takardar lissafin iska, a je ɗakin da ya fi nisa da na'ura a auna. In iskar ba ta kai abin da aka rubuta ba, kada a karɓi makullin.